Filin Manoma: Kaskar Ganye Da Abin Da Ya Sa Ba Ta Jin Feshi

Wani manomi daga ƙasar Kurfi, mai noman rani a bakin rafi, ya aiko mana da takarda yana tambaya. Ya ce bara tumatirinsa ya yi kyau har ya fara 'ya'ya. Da sanyi ya wuce zafi ya fara shigowa, sai ya ga ganyen ƙasa suna yin ɗigo-ɗigo fari, sa'an nan su yi ruwan ɗorawa, su bushe. Ya duba bai ga tsutsa ba, bai ga fara ba, sai wata 'yar saƙa kamar ta gizo-gizo a bayan ganyen. Ya yi feshi har sau uku da maganin da yake kashe masa tsutsar wake, amma ko da yaushe ya fesa sai abin ya ƙaru. Ya ce, shin maganin ne jabu, ko kuwa sammu aka yi wa gonar?

To, malam, mun gode da wannan tambaya. Mai yiwuwa maganinka ba jabu ba ne, kuma ba wanda ya yi maka sammu. Mun kuwa tabbata ba kai kaɗai ne kake da bukatar amsa ba. Duk mai lambu, daga Birchi da Wurma da Rawayau da Tsauri har zuwa masu ban ruwa a kewayen madatsar Zobe, kudu da Dutsin-Ma, ya kamata ya san wannan maƙiyi. Sai dai amsar tana da ɗan tsawo, don ba za a gane abin da ya sa ba ya jin feshi ba sai an san asalinsa da irin zaman da ya yi da shuka tun fil azal.

Abin da ya ci maka tumatir shi ne wanda masu lambu suke kira jan gizo. Da farko dai a sani, shi ba ƙwaro ba ne irin su fara da ƙuda da malam-buɗe-littafi. Waɗannan duka ƙafa shida gare su. Jan gizo in ya girma ƙafarsa takwas, watau ɗan'uwan kaska ne, da gizo-gizo, da kunama, da kuma ɗan abin nan da yake shiga fatar mutum ya sa ƙazwa. Yadda kaska take kafa baki a jikin saniya ta sha jini, haka shi ma yake kafa tsinin bakinsa a bayan ganye ya tsotse ruwan da ke ciki. Kowane ɗigon fari da ka gani, wurin da aka tsotse ke nan. Don haka a wannan fili za mu kira su duka kaskar ganye, da jan gizo da sauran danginsa.

Ƙanƙantarsa ta isa. Sai an jera kamar guda 50 kafin su kai inci ɗaya. Mai kaifin ido ya iya ganinsa yana motsi kamar garin barkono. Amma akwai waɗanda suka fi shi ƙanƙanta nesa, waɗanda sai an jera fiye da 100 kafin a sami inci, ba a kuwa ganinsu sai da madubin likita ko gilashi mai ƙara girman abu. Waɗannan siffarsu kamar karas, ƙafarsu huɗu kaɗai, duka a gaba kusa da baki. Ɗaya daga cikinsu yana kama tumatir a kusan duk ƙasashe masu zafi. Alamarsa ita ce karan tumatir ya rasa gashinsa, ya yi launin tsatsa tun daga gindi yana hawa sama, ganyen ƙasa su bushe kamar an babbaka su. Shi ba ya saƙa. Manomi ya kan ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ban ruwa, a banza.

Tsohon zama

Jama'a duk sun san ƙaro, wanda yake tsatsowa daga jikin dakwara, wani lokaci har tururuwa ta maƙale a ciki. To, akwai ƙaron itatuwan dā wanda ƙasa ta binne, ya daɗe har ya taurare kamar dutsen ado. A cikin duwatsun arewa maso gabashin Italiya masu bincike suka tsinci ɗigo-ɗigon irin wannan ƙaro. Suka zauna suka duba kamar guda 70,000 ɗaya bayan ɗaya da madubin likita. A cikin wannan tarin duka halitta uku kaɗai suka samu, ƙuda guda da kaskar ganye biyu. A shekarar 2012 suka bayyana wa duniya labarin, suka ce bisa ga lissafinsu na shekarun duwatsun, ƙaron ya kai shekara miliyan 230.

Abin mamaki a nan, waɗannan kaska biyu na cikin ƙaro siffarsu ba ta da wani nisa da ta jikokinsu na yau. Ga dogon jiki, ga ƙafa huɗu. Watau tun wancan zamani sun riga sun zama masu zaman matsatsin ganye da toho, inda ƙafa takwas ba ta da amfani sai ta hana shiga. A sa'an nan kuwa ba gero, ba dawa, ba auduga, ba ma wata shuka mai fure a bayan ƙasa. Itatuwan da suke ci wasu ne marasa fure, dangin waɗanda suke fitowa a ƙasashen sanyi. Da shuke-shuke masu fure suka yaɗu, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, sai kaskar ta bi su, wannan ta kama wannan itace, waccan ta kama wancan. Yau an san iri fiye da 4,000 na masu ƙafa huɗun nan, mafi yawansu a kan shuka mai fure. An kuma ƙidaya an ga kamar takwas cikin goma ba a taɓa samunsu ba sai a kan shuka iri ɗaya tak. In ka ɗauke ta daga shukarta ka sa ta a kan wata, sai ta mutu da yunwa, ga ganye kore shar a gabanta.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga manomin Katsina. Ku dubi ƙuduji, wanda waɗansu suke kira wuta-wuta. Wanda yake kama wake dabam ne da wanda yake kama dawa. Har a cikin na hatsi ma masana sun ga akwai wanda ya fi sabawa da gero, akwai wanda ya fi sabawa da dawa, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. Haka kaskar ganye take. Ta alkama ma da aka daɗe ana zaton iri ɗaya ce, da aka bincika jininta sai aka tarar zuriya ce da yawa masu kama da juna, kowace da ciyawar da ta fi so.

Yaya aka yi wannan sabo ya samu? Manomi ya fi kowa sauƙin ganewa, don shi ma aikinsa ke nan. Da kaka ka kan ware zangarniyar da ta fi cika, ka ajiye iri. In ka yi haka shekara da shekaru, geron gidanku sai ya bambanta da na maƙwabta. Kakanninmu da haka suka sami gero mai saurin nuna da maiwa mai jiran ƙarshen damina. To, a daji ma akwai irin wannan zaɓe, sai dai ba hannun mutum a ciki, ikon Allah ne kurum. Shuka ba ta gudu, amma ba a bar ta haka kawai ba. An ba wata gashi, wata ɗaci, wata danƙo, wata guba. Ka ɗauka shukar rariya ce. A cikin dubban kaska da iska ta watso mata, yawancinsu ɗacin ya kashe su, 'yan kaɗan da cikinsu ya iya ɗauka su ne suka wuce, su ne suka haihu, 'ya'yansu suka gaji wannan ciki. Ita ma kaskar rariya ce ga shukar, gama shukar da ta fi ɗaci ko gashi ita ce ta tsira ta zubar da iri. Kowa yana rairaye ɗan'uwansa, zuriya bayan zuriya, har a kai ga kaskar da ba ta iya cin kome sai wannan shuka, da shukar da take iya zama da wannan kaska ba ta mutu ba.

Kada a ce sai an yi shekaru miliyan kafin a ga haka. A 1979 wani masani a Amurka mai suna Fred Gould ya bayyana gwajin da ya yi. Ya ɗebi jan gizo da ya saba da wani irin wake, ya riƙa sa shi a kan kokwamba mai ɗaci wadda take kashe yawancinsa. Ba a cika shekara biyu ba sai ga zuriyar ta saba, tana cin kokwambar tana hayayyafa.

Tumatir da makamansa

Ka taɓa lura in ka tsinki tumatir hannunka ya kan yi kore-kore, da wani wari mai ƙarfi? Wannan daga gashin jikinsa ne. A kan kowane gashi akwai 'yar jaka mai danƙo da guba, in ƙaramar halitta ta taɓa sai ta fashe ta kama ta. Asalin tumatir daga Amurka ta Kudu ne, kuma har yau a duwatsun Peru da Ekwado akwai tumatirin daji mai gashi ƙwarai, wanda jan gizo ba ya jin daɗinsa ko kaɗan. Da mutane suka yi ta zaɓen mai manyan 'ya'ya da zaƙi, ba su kula da gashi ba, sai na gida ya rasa rabin makamansa. Shi ya sa masu gyaran iri suke komawa ga na dajin suna neman su maido da abin da aka yar.

Bayan gashi akwai wata dabara. In an ciji ganyen tumatir, sai ya haɗa wani abu a cikin ruwansa mai hana abinci narkewa a cikin mai cizon. Amma akwai wani jan gizo, shi ma ɗan Amurka ta Kudu, wanda ya daɗe da zama da dangin tumatir har ya san makullin. A 2011 masana a Brazil da Holan suka nuna cewa in ya kafa baki sai ya kashe wannan dabara, har ganyen da ya ciza ya fi wanda ba a taɓa ba daɗin ci. An fara ganinsa a Afirka a ƙasar Zimbabuwe a 1979, daga nan ya bazu gabas, ya zo har Afirka ta Yamma. Shi kuwa mai tsatsan nan, ƙanƙantarsa ce garkuwarsa. Yana yawo a gindin gashin kamar ɓera a cikin gonar dawa, masu farautarsa da suka fi shi girma su ne danƙon yake kamawa. Makamin da shuka ta yi don kanta ya zama katangar ɓarawo.

Gaba da gabanta

Na ambaci masu farauta. A nan ne amsar tambayarka take, malam, sai ka karanta a hankali.

Ba dukan kaska ba ne suke cin ganye. Akwai waɗansu, girmansu kamar na jan gizo, masu dogayen ƙafafu da saurin gudu, waɗanda abincinsu shi ne jan gizo da ƙwansa. Akwai kuma ƙananan buzuzu baƙaƙe da waɗansu ƙwari masu taya su. Waɗannan su ne dogaran gona, suna aiki dare da rana ba ka biyansu ko anini. Su ma sun daɗe da shuka, har akwai amana a tsakaninsu. A Holan, cikin shekarun 1980, masana biyu, Dicke da Sabelis, suka gano cewa ganyen wake in jan gizo ya kama shi ya kan fitar da wani ƙanshi na dabam, masu farautar kuwa suna bin wannan ƙanshi har su iso. Watau shuka tana yin kururuwa, mu ne ba mu ji. Waɗansu itatuwa ma har ɗaki suke yi musu, ɗan tulin gashi ko ɗan rami a bayan ganye inda jijiyoyi suka haɗu. Wani Bature ɗan Suwidin, Lundström, ya rubuta bayanin waɗannan ɗakuna tun 1887. A 1997 waɗansu masana a Kalifoniya suka gwada abin a gonar auduga. Suka manna 'yan tufkar kaɗa a bayan ganye don su zama ɗaki, masu farauta suka ƙaru, jan gizo ya ragu, audugar kuwa ta fi wadda ba a yi wa haka ba da kamar kashi 30 cikin 100.

To, yanzu dubi abin da ya faru a gonarka. Maganin tsutsar wake, irin su saifametirin da 'yan'uwansa da suka cika kasuwa, an yi shi ne don masu ƙafa shida. Jan gizo yana ɓoye a bayan ganye cikin saƙarsa, ƙwansa ba ya ji, shi kansa ma ba ya cika ji ba. Dogaran nan kuwa masu yawo a fili su ne suke fara mutuwa. Feshinka na fari ya kashe dogarai. Na biyu da na uku sun hana waɗansu zuwa. Ɓarawo ya sami gari ba sarki.

Ga kuma lissafi don akawuna. Cikin zafin Maris da Afrilu jan gizo ya kan tashi daga ƙwai ya balaga cikin kamar mako guda, mace ɗaya kuwa ta iya yin ƙwai wajen 100. A ce 50 kaɗai suka zama mata suka rayu. Ɗaya ta zama 50, 50 su zama 2,500, su kuma su zama 125,000, duk kafin ka gama ɗiban farko ka kai kasuwar Dutsin-Ma. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Kuma kada a manta da rariyar nan. Maganin feshi ma rariya ne. Duk wanda ya tsira daga feshi shi ne zai haifi na gobe, don haka in an nace da magani ɗaya, ba da daɗewa ba sai ya zama ruwa. Jan gizo na gama-gari, wanda aka samu a kan shuka fiye da iri 1,000, ya saba da ɗacin itatuwa iri-iri tun kafin a san feshi, shi ya sa yana cikin halittun da suka fi kowa saurin sabawa da magani. A ƙasashen Turai da Amurka ma bai zama babbar annoba ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, sa'ad da aka shiga fesa DDT ba ji ba gani.

A ganina mu ma mun bi wannan sawu. Tun da tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Katsina da Kaduna a 2016, masu lambu suka tsorata, da yawa suka koma feshi kowane mako, ko sun ga abu ko ba su gani ba. Ba na ganin laifin wanda ya taɓa asarar gona guda. Amma wannan tsoro shi ne yake buɗe wa jan gizo ƙofa.

Labarin rogo

Akwai labari ɗaya da ya nuna dukan wannan al'amari a fili, ya kuma shafi ƙasarmu. Rogo ba ɗan Afirka ba ne. Asalinsa daga Brazil ne, Turawan Fotugal suka kawo shi gaɓar teku fiye da shekara 400 da suka wuce, daga can ya yi ta tafiya har ya iso gonakinmu. Ganyensa yana da guba irin wadda take cikin rogo mai ɗaci. A can gidansu akwai wata kaska koriya da ta saba da wannan guba, ba ta da abinci sai rogo da danginsa. Amma da rogo ya ƙetaro teku bai zo da ita ba. Ya yi ɗaruruwan shekaru a Afirka yana hutawa.

A 1971 sai aka ga baƙuwar kaska a gonakin rogo kusa da Kampala, a ƙasar Uganda. Ta biyo shukarta, amma ta baro masu farautarta a gida. Iska tana ɗaukarta, mutane suna ɗaukarta a jikin icen rogo da suke kai wa 'yan'uwa. A 1979 ta iso Nijeriya. Ita a kan toho take zama, ganyen sama su yi ɗigon rawaya, su ƙanƙance, su zube, kan rogon ya tsaya tsirara kamar kyandir. Inda abin ya yi tsanani manoma sun yi asarar fiye da rabin saiwa. Feshi kuwa ba shi da kai a nan, don wa zai sayi magani ya fesa wa rogon da zai shekara a gona?

Masanan cibiyar binciken noma ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, suka ce tun da a Brazil wannan kaska ba ta gagari kowa ba, lalle akwai mai riƙe ta a can. Suka yi shekaru suna kawo masu farauta iri-iri suna saki, yawancinsu ba su zauna ba. Sai a 1993 suka saki wani a Jamhuriyar Benin, wanda ake kira aripo, ya kama ƙasa. Ya bazu zuwa ƙasashe kamar 20, da Nijeriya a ciki. Inda ya zauna sosai koriyar kaska ta ragu da kamar rabi, saiwa ta ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin uku, ba wanda ya sayi ko kwalba guda.

Abin da ya sa aripo ya ci nasara shi ne shi ma ɗan gidan rogo ne. Da rana yana kwance a cikin ƙunshin tohon da ke can ƙoli, inda rana da iska ba su kai gare shi. Da dare ya fito ya bi ganyen sama yana farauta, kafin gari ya waye ya koma. An kuma lura ya fi zama a rogon da tohonsa yake da gashi, mai santsin toho ba ya riƙe shi sosai. Amma fa in faɗi gaskiya, ya fi jin daɗin kudu mai laima. A ƙasa irin tamu mai dogon rani, sa'ad da rogo ya kakkaɓe ganye, shi ma ya kan ragu ƙwarai. Don haka mai rogo a Kurfi kada ya dogara gare shi kaɗai. Rogo mai gashin toho dai, wanda yake riƙe ganyensa cikin rani, ya fi jure wa kaskar ko da aripo ko babu.

Abin yi

Tun da sanyi bai wuce ba ka fara dubawa, kada ka jira sai ka ga saƙa, gama in saƙa ta bayyana an makara. Ka sami farar takarda, ka riƙe ta a ƙarƙashin ganyen ƙasa, ka kaɗa ganyen. In ka ga ɗigo-ɗigo suna tafiya, ka murje da yatsa ka ga ja ko kore, to shi ne. In ka ga waɗansu masu gudu da sauri fiye da sauran, waɗannan naka ne. Ka fara duba layin da ke bakin hanya da gefen da iskar hunturu take bugowa, don ƙura da fari su ne abokan jan gizo. Shi ya sa da damina ba ka cika ganinsa ba, ruwan sama yana wanke shi. Shukar da take jin ƙishirwa kuma ita yake fara kayarwa.

Tun da kowace kaska da dangin shukar da ta sani, sai ka san dangin tumatir: gauta, da yalo, da tattasai, da attarugu, da dankalin Turawa, da taba, da zaƙami, da gautan kaji mai fitowa a bakin kwalbati da kan kunya. A kan waɗannan mai tsatsa da jan gizon tumatir suke jira daga wannan noma zuwa wancan. Ka tuge gautan kaji da zaƙami daga kewayen lambu. In ka gama ɗiba kada ka bar tsohon tumatir a tsaye, ka tuge ka ƙone. Kada ka yi rainon sabon iri kusa da tsohuwar gona. In ka shiga gonar da ta kamu, kada ka wuce kai tsaye zuwa mai lafiya da rigar nan, gama a jikin tufafi da kwanduna suke tafiya. 'Yan kasuwa masu yawo da kwando daga lambu zuwa lambu, wannan magana taku ce.

In ta kama wuri kaɗan, ka tsinke ganyen da suka fi lalacewa ka binne, ka wanke bayan sauran da ruwa mai ƙarfi. Ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya, wadda muke kira bedi, da ɗan sabulu, yana ragewa in an maimaita, kuma ba ya gamawa da dogarai kamar maganin kanti. Garin farar wuta na feshi yana aiki ƙwarai a kan mai tsatsa, amma kada a fesa shi da tsakar rana cikin zafin bazara, zai ƙone ganye. In dole sai an sayi magani, ka gaya wa mai kanti na gizo kake so, irin su abamektin, ba na tsutsa ba. Ka sa a karanta maka takardar jikin kwalba, ka kiyaye ma'auni da kwanakin da aka ce a jira kafin ɗiba. Ka juya bakin famfo sama ya jiƙa bayan ganye, don wanda ya fesa saman ganye ya wanke wa ɓarawo rufin ɗaki ne kawai. Kada kuma ka maimaita magani iri ɗaya fiye da sau biyu a jere.

Mai shuka rogo kuwa ya zaɓi ice daga gonar da ya gani da idonsa cikin rani, ya ga kanta bai tsiraita ba. Ya cire ganye da toho duka kafin ya ɗauko, ya shuka da farkon damina don rogon ya yi ƙarfi kafin kaskar ta taso da kaka.

Kai kuma malam mai tambaya, in bana ka sake ganin alamar, kafin ka taɓa famfo ka tsinki ganye biyar daga ƙasa da ɗan guntun kara, ka sa a ambulan na takarda, ba leda ba, don leda tana dafa ganye. Ka kai wa malamin gona na KTARDA da ke kusa da ku, ko sashen aikin gona na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, a duba maka da madubi a gaya maka ko mai ƙafa takwas ne ko mai huɗu. Ka tafi da kwalbar da ka fesa bara su gani.